Magajin Gari a Jamhuriyar Nijar: Nauyin da Doka ta Ɗora Masa da Hulɗarsa da Jama'a, 2004 zuwa 2024

Gabatarwa

Wannan maƙala tana nazarin muƙamin magajin gari a Jamhuriyar Nijar a tsawon shekara 20, daga zaɓen ƙananan hukumomi na ranar 24 ga Yuli 2004, wanda shi ne na farko da ya kai ga zaunar da majalisu zaɓaɓɓu a ko'ina cikin ƙasar, zuwa watan Afrilu 2024, lokacin da gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi a madadinsu. Magajin garin da ake magana a kansa shi ne zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma, wanda mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suka fi kira «mer», ofishinsa kuma «meri», kuma dabam yake da sarautar Magajin Gari da aka sani a fadojin Sakkwato da Zazzau da Katsina.

An saba raba aikin mai wannan muƙami gida biyu, a ware aikin ofis da doka ta zayyana, kamar kasafin kuɗi da rajistar haihuwa da tsaftar gari, sannan a ware halartar suna da ɗaurin aure da jana'iza da gaisuwar fada, a ɗauke su tamkar ado ne na siyasa. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne wannan rabo bai dace da yanayin Nijar ba, domin doka ta ɗora wa magajin gari ayyukan da suka fi ƙarfin aljihun hukumarsa da ikon da ke hannunsa, har ya zama ba shi da hanyar sauke su sai ta sarakuna da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata da matasa da masu ba da tallafi, kuma wannan hulɗar da ke tafiyar da aikin ita ce dai ke cin dukiyar hukumar da mutuncinta idan ta wuce iyaka.

Yadda muƙamin ya samu

Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa farkon wannan ƙarni, mulkin karkara a Nijar yana hannun jami'an da gwamnatin tsakiya ke naɗawa daga Yamai, su kuma suna aiki ta hannun sarakunan gargajiya, yayin da 'yan biranen da ke da matsayin ƙaramar hukuma galibi naɗaɗɗu ne ke riƙe da su. Batun sauke iko zuwa ƙasa, wato miƙa wani ɓangare na ikon gwamnati da kuɗinta ga majalisun da mutanen wuri suka zaɓa, ya sami ƙarfi ne a babban taron ƙasa na 1991, sannan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da 'yan tawayen arewa ta mayar da shi alkawarin da gwamnati ta sa wa hannu. An gwada zaɓe a watan Fabrairu 1999 a zamanin Shugaba Ibrahim Bare Mainasara, kotu ta soke sakamakon wurare da dama, kuma kafin ƙurar ta lafa aka kashe shugaban a ranar 9 ga Afrilu na wannan shekara, maganar ta bi ruwa. Dokokin watan Yuni 2002 ne suka kafa ƙananan hukumomi 265, guda 213 na karkara da 52 na birni, waɗanda aka zaɓa wa kansiloli 3,747 a 2004.

Abin lura a nan shi ne yadda aka zana taswirar. Maimakon a yanka sababbin iyakoki, an bi sawun ƙasashen sarakunan kanto, wato yankunan da sarki guda ke riƙe da garuruwansu, da kuma wasu rukunonin makiyaya masu shugabansu. Saboda haka a wurare da yawa magajin gari ya tarar da kansa a ƙasar da ke da mai ita tun kaka da kakanni, hedkwatar hukumarsa kuma ita ce garin da fadar sarki take. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010, wanda aka yi a lokacin riƙon ƙwaryar Salu Jibo, ya sake fasalin tsarin, inda aka wayi gari da ƙananan hukumomi 255, huɗu daga ciki, Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, suna da matsayin birni na musamman da aka rarraba zuwa da'irori 15, kowace da nata magajin gari a ƙarƙashin na birnin baki ɗaya. Ko da yake wa'adin majalisa a kundin 2010 shekara 5 ne, zaɓe uku kacal suka tsaya da ƙafafunsu cikin shekara 20, wato na 2004 da na Janairu 2011 da na 13 ga Disamba 2020, domin na Disamba 2009 ya tafi tare da gwamnatin Mamadu Tanja, majalisun 2011 kuwa an yi ta ƙara musu wa'adi har suka kusan ninka shekarunsu.

Wa ke zaɓensa, wa ke iya tsige shi

A tsarin da ya yi aiki har zuwa Afrilu 2024, talaka ba ya jefa wa magajin gari ƙuri'a kai tsaye. Jerin sunayen da jam'iyya ta tsayar yake zaɓa, kansilolin da suka yi nasara, waɗanda yawansu a ƙaramar hukuma ke kamawa daga 11 zuwa 25 gwargwadon yawan jama'a, su ne ke zama su fitar da magajin gari da mataimakansa daga cikinsu, kuma kundin 2010 ya shardanta mai neman kujerar ya kasance yana da aƙalla takardar kammala ƙaramar sakandare. Wannan sharaɗi yana da hujja, tunda da Faransanci ake rubuta dukkan takardun hukuma, sai dai a karkara ya kan rage 'yan takara zuwa malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya ko ɗan garin da ke zaune a Yamai, ya bar attajirin da ya ɗauki nauyin yaƙin zaɓe a bayan fage yana juya al'amura ba tare da ya sa hannu a kowace takarda ba. Sarakuna da 'yan majalisar dokoki na yankin suna da kujera a zauren majalisar, ana jin shawararsu amma ba su da ƙuri'a.

Wannan tsari ya sa hisabin magajin gari ya fi karkata ga kansiloli da gwamnatin tsakiya fiye da mazauna gari. Kansiloli na iya kawar da shi ta ƙuri'ar yanke ƙauna, makamin da aka yi ta zarowa a duk lokacin da ƙawancen jam'iyyu ya sauya a Yamai ko aka sami saɓani kan rabon kwangila da kuɗin zama. Ta sama kuma akwai wakilin gwamnati, shugaban gunduma ga ƙananan hukumomi, gwamnan jiha ga manyan birane, wanda ke duba ko shawarwarin majalisa sun dace da doka, sannan majalisar ministoci na da ikon tuɓe magajin gari ko rushe majalisar ɗungurungum. Yamai ta ga wannan sau biyu a jere: an tuɓe Umaru Dogari a 2013, bisa zargin kurakurai wajen tafiyar da hukuma, 'yan makonni bayan jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen da ke mulki, sannan a 2017 aka tuɓe Asan Saidu, aka rushe majalisar birnin, aka danƙa shi ga kwamitin riƙo ƙarƙashin Muktar Mamudu. Dogari ya sake hawa kujerar a 2021. A Nijeriya, inda ake zaɓen shugaban ƙaramar hukuma kai tsaye, cutar iri ɗaya ce da wata fuska, domin gwamnonin jihohi ne suka daɗe suna riƙe kuɗin ƙananan hukumomi 774 suna naɗa musu kwamitocin riƙo, har Kotun Ƙoli ta haramta hakan a hukuncinta na 11 ga Yuli 2024.

Ayyukan da ke rubuce

Magajin gari yana sanye da riga biyu, domin shi ne mai zartar da shawarwarin majalisarsa, wadda ke zaman doka sau huɗu a shekara a zauren da kowa ke da damar shiga ya saurara, kuma shi ne wakilin gwamnati a wasu ayyuka, waɗanda mafi girmansu shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Wannan aiki ba ya jan hankalin 'yan jarida, amma babu wanda ya kai shi taɓa rayuwar talaka, tunda yaron da ba shi da takardar haihuwa zai gamu da cikas ranar jarrabawa, ranar neman katin ɗan ƙasa da ranar ƙetare iyaka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kimanin kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajista, kuma dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa, wanda ya wuce wa'adin kuwa sai alƙali ya yanke masa hukuncin tabbatarwa. Doka ba ta isa ta kai uban jariri wurin rajista ba idan ƙauyensu na da nisan yini a amalanke. Abin da ke kai shi shi ne mai gari da ke riƙe da littafin sanarwa, da ungozoma, da liman da ke tunatarwa ranar suna, da zaman kotun tafi-da-gidanka da magajin gari ya roƙo, ya nemo wa alƙali man mota, ya sa sanƙira ya yi shela a kasuwa.

Sauran ayyukan sun haɗa da tsara kasafin kuɗi da ba da umarnin kashe shi, wanda wani jami'i dabam, ma'ajin hukuma, ke biya domin kada mai umarni ya zama shi ne mai riƙe da jaka. Da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu. Da kwashe shara da yashe magudanun ruwa. Da yanka filaye. A watan Janairu 2016 gwamnati ta fitar da ƙudurorin miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kuɗin da ya kamata su rako ayyukan sun yi ta jan ƙafa, duk da kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta riƙa rarraba tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi. Haka nan kaso 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ware wa yankunan da ake haƙo su ya daɗe yana cikin abubuwan da magadan gari ke bin gwamnati bashi.

Haraji, inda hulɗa ke zama kuɗi

Babu inda hujjar wannan maƙala ta fi fitowa fili kamar wajen haraji. Ƙaramar hukumar karkara tana rayuwa ne a kan harajin kai, wanda jama'a ke kira bodo ko lanho, wanda ya daɗe a kan sefa 700 ga kowane baligi a shekara, wato dala 140 a lissafin kasuwa, da kuma kuɗin da ake karɓa a kasuwanni da tashoshi. Bodo yana da tarihi mai ɗaci, domin jikan harajin Nasara ne da ya sa magidanta sayar da akuya ko gudu zuwa Nijeriya, kuma da gwamnatin Saini Kunce ta sami kuɗin yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970 ta soke kason da ke shiga baitulmalin ƙasa, aka bar na yanki, wanda ƙananan hukumomi suka gada. Magajin gari ba shi ke karɓarsa ba. Masu gari da masu unguwa da shugabannin makiyaya ne ke bi gida-gida da takardar ƙidaya bayan an yi girbi, su kai kuɗin ga ma'aji, a ba su kasonsu, sarkin kanto ma a ba shi nasa. Ke nan duk magajin garin da ya ɓata da fada ya toshe wa kansa babbar hanyar samun kuɗi, domin sarki ba ya buƙatar ya ce kada a biya, shirunsa kawai ya wadatar. Su ma 'yan siyasa sun taimaka wajen lalata lamarin, tunda a shekarar zaɓe babu mai son a ga jandarma a ƙofar wanda bai biya ba, wasu 'yan takara ma kan biya wa ƙauye guda bodonsa domin neman ƙuri'a, abin da ke koya wa jama'a cewa haraji bashi ne da wani zai iya ɗauke musu.

Ranar kasuwa kuwa, musamman a manyan kasuwannin dabbobi irin na Badagishiri a jihar Tawa da Sabon Maci a jihar Maraɗi, ana ganin abin ido da ido. Mai karɓar haraji yana tsaye a bakin kara da ɗaurin tikiti, yana yanka wa kowace dabba da aka shigo da ita, a sake biyan wani kuɗin idan ciniki ya faɗa. Amma ciniki a bakin dillali yake faɗawa, kuma dillali ne ya san ko an sayar da sa a cikin kara ko an ja shi bayan gari an ƙulla magana a gindin bishiya. Akwai mai karɓar rabin kuɗi ya bar tikiti a aljihu, akwai mai sayar da tikiti guda sau biyu, akwai kuma ɗan kasuwar da ba a tambayarsa saboda kowa ya san wanda ya tsaya masa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, waɗanda suka bi diddigin garuruwa da dama tun kafin zaɓen 2004 ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tijani Alu, sun nuna cewa sau da yawa aikin karɓar haraji lada ne da ake saka wa 'yan jam'iyya da shi, don haka magajin gari ba ya iya korar wanda ya kama da hannu dumu-dumu, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Inda aka ga kuɗin kasuwa ya ƙaru, galibi za a tarar an zauna ne da sarkin kasuwa da shugabannin dillalai da mahauta da direbobi an yi yarjejeniya a fili, aka kewaye karar da katanga mai ƙofa guda, aka kuma nuna wa masu biya rumfa ko rijiya ko makewayin da kuɗinsu ya gina.

A birane, inda ikon mai unguwa kan magidanta bai kai na mai gari ba, harajin kai ba ya shigowa yadda ya kamata, sai hukumomi suka koma ga yanka filaye suna sayarwa. Fegi ya zama kuɗin biyan albashi da bashin 'yan kwangila da ladan magoya baya, gonakin bakin gari suka ƙare, aka zaunar da mutane a kan hanyar ruwa ba tare da magudana ba. Ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna, ruwan sama ne sanadinsu na farko, amma yadda aka raba filaye yana da nasa kason a cikin asarar.

Tsakanin gona da burtali

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye a matakai dabam-dabam, kuma magajin gari ne shugaban na ƙaramar hukuma, inda sarakuna da jami'an gona da na dabbobi da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa ke zama. An yi dokar ne ƙasar na cikin jimamin abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a watan Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Aikin kwamitin shi ne shata burtali da makiyaya da mashaya, a kafa musu alamu, a rubuta shaidar mallakar gona, sannan a ba da shawara kan ranar sakin gonaki, wato ranar da aka yarda an gama kwashe amfanin gona har dabbobi na iya shiga su ci kara, wadda hukumomin jiha ke tsayarwa bayan tuntuɓa.

A takarda aikin ya tsaru, a ƙasa kuwa yana da wuya. Gero kan riga dawa da wake nuna, manomin da ya yi shuka a makare yana roƙon a ƙara masa mako biyu, garken da ya taso daga arewa kuma ya riga ya iso bakin gona saboda tafkunan can sun ƙafe. Sulhu a kan ɓarna haƙƙin sarki ne, hukunci na alƙali ne, kama mai laifi na jandarma ne, abin da ya rage wa magajin gari shi ne ya tara mutane tun kafin a zare sanda, ya zagaya ƙauyuka da rugage, ya yi magana a gidan rediyon yanki, ya kuma kula kada garken da hukuma ke tsare dabbobin da suka yi ɓarna ya zama wurin tatsar makiyaya. A nan akwai wata matsala da tsarin zaɓe ya haifar wadda ba a cika faɗa ba: manomi mazaunin gari ne mai ƙuri'a, makiyayin da ke wucewa kuwa sau da yawa sunansa na rubuce a wata ƙaramar hukuma mai nisa, don haka adalcin da magajin gari zai yi masa ba ya da lada a akwatin zaɓe, yana ma iya jawo masa asara.

Ƙofar gida da masu tallafi

Kafin magajin gari ya isa ofis da safe ya riga ya yi rabin aikin yini a ƙofar gidansa, inda mai takardar magani da mai neman man motar da za ta kai mai naƙuda asibitin gunduma da wakilin ƙauyen da famfonsu ya lalace ke jiransa a kan tabarma. Majalisun farko sun kama aiki ne a daidai yunwar 2005, don haka tun daga farko jama'a suka san meri a matsayin wurin da ake rubuta sunayen mabuƙata da sayar da hatsi da rangwame. Kasafin kuɗi yana da ɗan layin taimakon jama'a, amma ba ya kai ko'ina, kuma wanda ya ce doka ba ta ba shi dama ba za a ce marowaci ne, wanda ya bayar kuma sai an tambayi inda ya samo. Wannan matsin lamba ba ya wanke wanda ya ci dukiyar hukuma, sai dai duk mai son fahimtar dalilin da ya sa ake samun giɓi a littattafan ƙananan hukumomi bai kamata ya tsallake shi ba.

Manyan ayyuka, kamar azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse, galibi da kuɗin waje ake yin su. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya ƙasa na shekara 5, wanda a ƙa'ida daga tarukan ƙauyuka yake fitowa, ko da yake sau da yawa ƙwararren da mai tallafi ya ɗauka haya ne ke rubuta shi. Shirin ayyukan al'umma da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2003, da ƙawancen garuruwa irin na Dogon Dutsi da Orsay ko na Tasawa da Conflans-Sainte-Honorine a Faransa, sun sa gwanintar magajin gari ta koma iya karɓar baƙi da rubuta buƙata da tara gudummawar da ake shardanta wa jama'a kafin a fara aiki. Wajen tara wannan gudummawa da share unguwanni, ƙungiyoyin mata ne ƙashin baya, musamman Mata Masu Dubara, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda ya horar da mata da dama da suka zama kansiloli bayan dokar kaso ta 2000 ta tilasta wa jam'iyyu ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, kason da ya kai 25 a 2019. Duk da haka matan da suka hau kujerar magajin gari 'yan ƙalilan ne. Matasa kuwa ta fada ake samunsu, wato majalisar shayi ta samarin unguwa da ta yaɗu daga Damagaram a shekarun 1990, wadda ke iya fitowa yashe kwata ranar Lahadi, ta kuma iya cika titi ranar zanga-zanga.

Akwai kuma abubuwan da ake tuhumar magajin gari a kansu alhali ba a hannunsa suke ba. Ƙarancin ruwan Damagaram, wanda ya sa garuwa ya zama sana'a mai ƙarfi a birnin, al'amari ne na kamfanonin ruwa na ƙasa da gwamnatin tsakiya, amma ƙofar meri ce ta fi kusa da mai fushi. Bukukuwan ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha-jiha, irin su Maraɗi Kwalliya a 2015 da Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018, kwamitocin da aka naɗa daga sama ne suka gudanar da su da kuɗin da ƙaramar hukuma ba ta taɓa mafarkin gani ba, suka tashi rumfunan 'yan tireda, suka shimfiɗa tituna da fitilu, sannan suka bar wa hukumar birni ɗawainiyar gyara da fushin waɗanda aka tasa.

Bayan Afrilu 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta bar majalisun 2020 suna aiki na wasu watanni, sannan ta rushe su a farkon Afrilu 2024 ta naɗa kantomomi, da yawansu hafsoshin soja da na sauran jami'an tsaro, har da birnin Yamai da aka ba Kanar Bubakar Sumana Garanke. Kantoma yana da abin da magajin gari ba shi da shi, tunda ba ya tsoron ƙuri'ar yanke ƙauna, ba ya bin kowa bashin yaƙin zaɓe, kuma yana iya korar mai karɓar haraji ko rushe ginin da aka yi a kan hanyar ruwa ba tare da lissafin ƙuri'a ba, abin da ya sa wasu mazauna birane suka yi maraba da sauyin. Sai dai ayyukan da ya gada ba su sauya hali ba: bodo har yanzu ta hannun mai gari yake shigowa, ciniki a bakin dillali yake faɗawa, ranar sakin gonaki kuma sai an zauna da manomi da makiyayi, ga shi tallafin waje ya ragu tun da Faransa da wasu ƙasashen Turai suka dakatar da nasu bayan juyin mulkin. Abin da aka rasa shi ne kansila, wanda duk rauninsa ɗan wani ƙauye ne da ake iya tarewa a masallaci ko a kasuwa a ba shi saƙo, da kuma zaman majalisa inda ake karanta kasafin kuɗi a gaban 'yan hamayya. A ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani bisa sabon kundin da ya tanadi wa'adin shekara 5, aka kuma rushe dukkan jam'iyyun siyasa, waɗanda a da ta jerin sunayensu ne ake zaɓen kansilolin da ke fitar da magajin gari.